Amanar da Muka Shayar

Ni dai har yau ban gane yadda ƙarfe ke magana da tauraro ba, kuma na gaji da tambaya. Abin da na sani, shekara biyar bayan babban fari, wata mota ta tsaya a bakin rugarmu, gabas da Mallawa. Wani dogon mutum mai suna Kyari ya fito, ya ce daga biron meteyo yake, masu auna ruwan sama. Maigari Bawa ne ya rako shi. Ya nuna maigidana da sanda ya ce, "Ga Hambali. Duk ƙasar nan, wanda ke tsoron saniyarsa ta lalace, shi yake kawo wa."

Bai yi ƙarya ba. Muna noma muna kiwo, kuma rabin garkenmu na mutane ne. A gidanmu dabbar amana ke fara shan ruwa, namu su biyo baya, mu mutane mu zo ƙarshe. Haka maigida ya gada wurin mahaifinsa. Na sha yin faɗa a kan wannan, ban taɓa yin nasara ba.

Yini guda Kyari ya yi yana kafa wata na'ura a gefen gonarmu: akwatin ƙarfe bisa ƙafa uku, da allon gilashi mai shan rana, da wata sanda mai haƙora kamar matsefi tana kallon sama, da mazurari. Da ya gama sai ya buɗe gorarsa ya tsiyaya ruwa a mazurarin. Daga ciki muka ji ƙwas, ƙwas.

"Ka ji, Baba? Lafiyarta lau ke nan. Duk ruwan da ya sauka, ta auna ta faɗa."

"Ta faɗa wa wa, Mushe?" in ji maigida, don haka muke kiran ma'aikatan gwamnati da Faransanci.

"Satelit. Tauraro ne da mutane suka ƙera suka harba sama. Shi ya gaya wa wani gida a Turai, su kuma su gaya wa Yamai."

"Ina wayar?"

"Babu waya, Baba."

"To Yamai ba ta fi kusa ba?"

Kyari ya yi dariya ya ce ta fi kusa, amma haka hanyar take. Ina bayan zana ina jinsu, na ce a raina wannan wane irin ɗan aike ne, a aike shi maƙwabta ya bi ta sama. Kafin ya hau mota Kyari ya riƙe hannun maigida ya ce, "Amana ce na bar maka." Da ya san nauyin kalmar a gidan nan, da ya nemi wata.

Ruwan farko ya sauka da kyau. Kowa ya fita shuka, aka zuba ɗan irin da ke akwai duka, don tun bayan farin rumbunanmu ba su koma daidai ba. Gero ya tsiro. Daga nan sama ta ɗauke kamar an rufe ta da faifai. Kwana goma, sha biyar, tsiron ya nannaɗe ya bushe. Maigari ya tara maza ya ce kwamandan Magarya, babban jami'in gwamnati a can, ya aiko: duk garin da shukarsa ta mutu za a kawo masa iri na gero mai sauri da wake, a sake shuka. Wannan irin shi ne abincinmu na shekara, kowa ya san haka.

Amma tun kwana na shida maigida ya rasa sukuni. Ya taɓa akwatin da azahar ya janye hannu.

"Sa'a, abin nan ya ƙone. Guga in ya kwana biyu ba ruwa tsagewa yake. Akushi ma haka. Abin da aikinsa ruwa ne, a bar shi a bushe? Mutumin nan ya dawo ya tarar na kashe masa kaya?"

Na ce, "Malam, in ta gaya wa tauraron fa?"

Ya dube ni kamar na yi wauta. "Wanda ke zaune a sama ai yana gani babu hadari. Shi ne zai kasa bambanta ruwan rijiya da ruwan Allah? Kuma ba a gabanki mai ita ya ba ta daga gorarsa ba?"

Na juya maganar ta kowane gefe ban sami inda ta karkace ba. Don haka kada wani ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Ni ke jawo ruwan daga rijiya mai gaba ashirin, ni ke tace shi da ƙyalle don kada yashi ya shaƙe ta. Kullum da safe ƙoƙo guda, kafin maruƙa su sha. Ya tsaya ya saurari ƙwas, ƙwas, ya ce alhamdu lillahi.

Ranar kasuwar Dungas muka ji an raba iri a can. Aka ce an raba a Sassumbrum. Mu shiru. Maigari ya hau doki ya tafi Magarya, ya dawo fuskarsa a birkice.

"Sun nuna mini takarda," ya ce wa mutane a gindin gawo. "Wai a nan ruwa na sauka kullum da safe, kwana goma sha bakwai ba fashi. Wai babu inda ya kai mu ruwa a ƙasar nan. Na ce su zo su gani, wani akawu ya ce so nake a ba ni iri in kai Najeriya in sayar."

Gari ya ruɗe. Wani ya ce wataƙila tauraron ya ɗauke mu da wani gari ne. Wani ya ce ko raɓa yake lissafawa. Gwaggo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta ce ruwan namu ne aka rubuta mana a sama, wani ya tare shi a hanya, a nemo malami. Ni kuwa da na ji "kullum da safe" sai na tuna ƙoƙon nan. Na dubi maigida. Ya kawar da kai, amma na ga yana ƙidaya da yatsunsa a cikin riga. Har a lokacin bai yarda ba, ni ma ban gama yarda ba. Ta yaya ƙoƙo guda zai zama damina?

Washegari da hantsi motar Kyari ta iso. An aiko shi ya duba ko na'urar ta lalace. Ya tarar da maigida a tsaye gabanta, ƙoƙo a hannu, bai zuba ba, bai kuma ajiye ba. Kyari ya dubi gonar da ta zama yashi, ya dubi ƙoƙon.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kwana shida da ɗaukewar ruwa. Ban yi fashi ba ko sau ɗaya, Mushe."

Kyari ya zauna a ƙasa ya dafe kai. "Ba ta ganin sama, Baba. Tauraron ma ba duba hadari yake mata ba, saƙo kawai yake ɗauka. Abin da aka zuba a mazurari shi ne ruwa."

"Yana can sama bai gani ba?"

"Bai gani ba."

"To me ya kai shi can?"

Kyari ya ce shi ne bai yi bayani ba, zai rubuta, zai je har gaban kwamandan. Maigari, da ya iso yana huci, ya tambaye shi abu ɗaya: irin fa? Kyari ya ce buhu na ƙarshe ya fita shekaranjiya.

Babu wanda ya zagi maigida, kuma da sun zage shi da ya fi mini sauƙi. Maza suka watse ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama ni har na kasa zuwa rijiya sai da mata suka tashi.

Kwana uku bayan haka hadari ya taso daga gabas da la'asar, aka yi ruwa irin wanda ake roƙo, ya jiƙa ƙasa har gwiwar hannu. Da safe garuruwan da ke kewaye da mu duk suka fita shuka, muna hango su. Mutanenmu suka tsaya a bakin gonakinsu da sungumi, babu abin zubawa a rami. Maigida ya tafi wurin akwatin, na bi shi. Sauran ruwa na ɗiga daga mazurarin, muka ji ƙwas.

"Yau gaskiya ta faɗa musu," ya ce. "Za su ce mun ƙara samu."