Hannun Ajiya

"Matse! Matse! Kar ka saki! Ƙara!"

Ƙatti sun fi ashirin a kan mutum ɗaya, kowa yana ihu kamar shi ake matsewa. A tsakiyarsu ƙanina ne zaune a kan kujerar roba, gwiwar hannunsa manne da haƙarƙarinsa, ya damƙi wani ƙarfe mai fuska irin ta agogo. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Allurar ƙarfen tana hawa tana rawa, har ta tsaya cak.

"Saba'in da takwas," in ji matar da ke awon.

Gidan ɗaga ƙarfen ya kaure da sowa. Wani ya watsa garin alli sama, wani ya buga faifan ƙarfe da ƙasa har na ji a haƙorana. Filaya suke ce wa ƙanin nawa, wai abin da ya kama ba ya saki. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da silifas ɗin wanka, ina warin man zafi. Na kira wayarsa har na gaji, shi ya sa na tako da ƙafata. Tun da gari ya waye yatsuna uku na dama ba sa jin komai, ga Baba yana jiran wanka.

Da ya hango ni murmushinsa ya ragu. Ya taso yana karkaɗa hannu.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Uban da ya haife ka ne yake son wanka, ni kuma hannuna ya ƙi."

Kafin ya buɗe baki Koci, mai horar da su, ya shiga tsakaninmu. Gajere ne mai tumbi, da usur a wuya. Tun da nake ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi wayarsa nauyi ba.

"Yayarmu, ki yi haƙuri," ya ce yana washe baki. "Mutum uku kacal hukuma za ta ɗauka zuwa gasar waje, kuma sai wanda damƙarsa ta kai tamanin. Kilo biyu ne tsakaninsa da jirgi. Awo na ƙarshe yana nan tafe. Yanzu hannun nan ba nasa ba ne shi kaɗai, na unguwa ne, na ƙasa ne."

"Na kowa ne ban da Baba," na ce.

Wani mai ƙirji kamar ƙyaure ya ce, "Kai, a ba Yaya ta gwada mana, mu gani ko gado ne!"

Da a ce ina cikin hayyacina da na juya na tafi. Amma zuciya ta ɗebe ni, na je na zauna a kujerar. Matar ta gyara mini gwiwar hannu, ta rage faɗin mariƙin ƙarfen daidai tafina, ta ce bismilla. Na matsa da iyakar ƙarfina. Wani abu kamar wutar lantarki ya taso daga wuyan hannuna ya harba har kafaɗa. Allurar ta ɗan motsa, kamar wadda aka tasa daga barci, ta koma.

"Tara," ta faɗa a hankali.

Dariya ta fashe. "Ashe shi ya kwashe ƙarfin gidan duka!" Har da masu riƙe ciki.

Ita ba ta yi dariya ba. Likitar gashin ƙashi ce, hukuma ta turo ta awon. Ta juya tafina sama, ta ƙwanƙwasa wuyan hannun da yatsa, na zabura. Ta shafa gindin babban yatsana, inda naman ya fara lotsawa.

"Wane aiki kike yi?"

"Kitso, a shagon wata. A gida kuma ni ma ɗagawa nake yi. Nawa nauyin dai yana numfashi."

Ta dube ni, sannan ta dubi Filaya, ta ɗaga murya yadda duk za su ji. "Jijiya ce ta danne. In ba ki hutar da hannun nan ba, yatsun nan uku za su mutu, kuma ba a dawo da su. Kada ki ƙara ɗaga komai, ko bokitin ruwa. Ba kowa ne a gidan?"

Koci ya busa usur, ya ce na gaba ya zo ya zauna.

* * *

Mu biyu Umma ta bari a duniya, ni da shi. Baba direban babbar mota ne a zamaninsa, ƙato, irin wanda in ya shigo ɗaki sai ɗakin ya ƙanƙance. Shi ya fara zuba siminti a gwangwanayen fenti ya soka musu bututu, ya miƙa wa ƙanina tun yana ɗan makaranta. Bara ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ciwon ya karkatar masa da baki, ya tafi da ƙafa da hannu, amma ko kaɗan bai taɓa nauyinsa ba.

Da farko tare muke jinyar. Filaya yakan ɗauke shi cimak daga gado zuwa banɗaki, Baba yana dariya da rabin baki. Sai hukuma ta kawo ƙarfen awon nan. Wai damƙa ba ta ƙarya, ita ke nuna ko jiki ya huta ko ya gaji. Wata rana ƙanina ya ɗaga Baba, ya taya ni matse barguna, washegari allura ta sauka da kilo uku. Da yamma sai ga Koci a falonmu. Ya zauna a gaban Baba ya yi ta zuba, cewa shekarun wahala za su tafi a banza saboda wankin bargo. Baba ya saurara, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Daga ranar Baba ya kafa doka: yaron nan kada ya ƙara taɓa komai a gidan nan.

Haka ƙarfen ya zama ɗan leƙen asiri a gidanmu. Hannun da ke lanƙwasa ƙusa don yara su yi tafi, ba ya buɗe murfin kwalbar magani. Da safe a tsoma shi a ruwan ɗumi, da yamma a shafe shi da mai, a naɗe da tawul sai ka ce jariri. Ni ce mai dafa ruwan.

Ni ce kuma mai sauran. In cusa hannu a hammatar Baba in ja shi zaune, in juya shi, in ɗora shi a keken marasa lafiya, in sauke shi a kujerar wanka, in mayar. In wanke zanin gado in matse, don ba ya wuni bai jiƙe ba. Daga nan in ruga shago in kama kan mutane. Kwanan baya wata ta dubi madubi ta ce, "Wannan kitso ne ko lallashi?" Mai shagon ta mayar da ni wankin kai da shara, ni da ake layi a kaina.

Dangi kuwa suna zuwa, ba laifi. Su tsaya a gaban hotunan Filaya da ke bango, su ce Allah ya yi wa Baba baiwa da ɗa. In za su fita su ce mini, "Sannu da ƙoƙari, ladanki yana wajen Allah." Na sani. Amma da wani ya kama mini ƙafa ɗaya mun raba ladan, wallahi ba zan yi rowa ba.

* * *

Tare muka kamo hanyar komawa daga wajen awon, ni da Filaya. Sai da muka zo kwanar gida ya tsaya.

"Yaya, wallahi ban san ya kai haka ba."

"Ina za ka sani? Ba a auna nawa."

"Ki ba ni zuwa awon ƙarshe. Daga an gama, ko na ci ko na faɗi, ni zan riƙa ɗaga shi. Na rantse."

"In ka ci ai jirgi za ka hau."

Ya sunkuyar da kai. Abin da ke ƙona mini rai ke nan game da shi: ba mugu ba ne. Da mugu ne da na zage shi na huta. Yaro ne da aka gaya wa tun yana ƙarami cewa hannunsa ya fi na kowa daraja, har ya yarda.

Na shiga wajen Baba na gaya masa abin da likitar ta ce, ban rage komai ba. Na nuna masa inda naman ya lotsa. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na ɗauka zai ce a kira yaron. Sai ya tattaro harshensa da ƙyar.

"Nawa... ya samu?"

"Wa?"

"Ƙaninki."

"Saba'in da takwas, Baba."

Ɓarin fuskarsa mai rai ya haskaka. "Saura... biyu," ya ce. Sannan ya dafa hannuna da nasa na hagu. "Ke... mai haƙuri ce."

Na fita tsakar gida na tsaya a gaban igiyar shanya, na rasa abin da zan jefa. Na gwada maƙwabta. Mai shagon gyaran waya da ke jikin gidanmu ya zo sau ɗaya ya kama mini, da zai fita ya ce, "Ikon Allah, gidan Filaya guda ana neman mai ɗaga mutum?" Ya yi dariya, bai sake zuwa ba. Wa zai yarda gidan da ya fi kowane gida ƙarfi a layin yana neman taimako? Na koyi ɗaga Baba da damtse da kafaɗa, ina ɓoye tafin hannun kamar kayan sata. Cokali ya fara zamewa daga yatsuna ba tare da na sani ba, sai dai in ji ƙararsa a ƙasa.

* * *

Ranar awon ƙarshe na tashi da wuri don in gama da Baba kafin hayaniya. Filaya yana falo, ya saka rigar ƙungiya, hannayensa biyu a cikin roba mai ruwan ɗumi.

Na gama yi wa Baba wanka a kan kujerarsa, ya rage in mayar da shi keke. Na rungumo shi ta gaba kamar kullum, na ce, "Bismilla, Baba, taimaka mini da ta hagu." Ya yunƙura. Jikinsa da sauran santsin sabulu. Na ji yana sulalewa, na kai hannun dama in damƙi damtsensa. Na ga yatsuna a kan fatarsa da idona, amma ban ji su ba, kuma ba su rufe ba.

Faɗuwarsa ta girgiza ƙofar. Ƙugunsa ya fara bugun tayil, sannan kafaɗa, kansa ya tsaya dab da bakin masai.

"Innalillahi! Filaya! Filaya!"

Kafin in rufe baki ya iso, ruwa yana ɗiga daga yatsunsa. Da ya ga Baba a ƙasa, tsirara, a karkace, fuskarsa ta koma ta yaron da na goya. Ya durƙusa, ya miƙa hannayen nan biyu zai cusa su a ƙarƙashinsa. Wallahi a wannan lokacin na yafe masa komai.

"A'a!"

Tun da ciwon ya same shi ban ji kalma ta fita daga bakin Baba sarai haka ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya tokare ƙirjin ɗansa.

"A'a. Hannu... awo... yau."

"Baba, ka bari in..."

"Ban... yafe ba... in ka taɓa."

Filaya ya tsaya a durƙushe, hannayensa a sama. Ya juyo ya dube ni. Me zan ce? Ƙato ne, shekarunsa ashirin da shida, tsohon da ke hana shi ko ƙuda ba zai iya korewa da kirki ba. Daƙiƙa ɗaya ta ishe shi ya sure shi ya kai gado, in ya so daga baya a nemi gafara. Na tsaya ina jira ya yi wa ubanmu rashin biyayya sau ɗaya a rayuwarsa.

A waje mota ta yi ham. Muryar Koci ta biyo baya, yana kiran sunansa.

Ya miƙe a hankali. "Bari in kira wani," ya ce, idonsa a ƙasa. "Yanzun nan, Yaya. Yanzu zan turo wani."

Na ji takunsa a falo. Na ji ƙofar gida. Na kasa kunne ko zan ji yana buga ƙofar maƙwabta, sai na ji murfin mota ya rufe.

Na gwada sau biyu, da damtse, da kafaɗa, da gwiwa. Ko motsi Baba bai yi ba, sai nishi in na taɓa ƙugun. Na jawo tawul na rufa masa jiki, na zauna a jiƙaƙƙen tayil ɗin, na tallafo kansa na ɗora a cinyata. Jikinsa yana karkarwa. Famfo yana zuba a bokiti, bokitin ya cika yana malala ta ƙarƙashinmu. Na miƙa hannu in kashe, yatsuna suka yi ta zagaya kan famfon ba su kama ba.

Baba ya buɗe ido ya dube ni daga ƙasa. Leɓɓansa suna motsi. Na sunkuya sosai don in ji inda yake masa ciwo.

"Bai... makara ba... ko?"

"Bai makara ba, Baba," na ce.

Ya lumshe ido. Na gyara masa tawul ɗin da hannun hagu, muka ci gaba da zama a cikin ruwan.