Ƙarfen Jinin Kaltume

Mani maƙerin Gesheme ne ya fara ganin abin, tun kafin wani mai farar riga ya buɗe baki. Ga shi yau, shekara uku da tafiyar Nasara, ya tsaya ƙyam a asibitin Dogon Dutsi yana harare hannun likita.

Matarsa Kaltume na zaune a benci, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Wata bakwai ke nan Gado wanzami na yi mata ƙaho duk Juma'a, wai yana zuƙe mugun jinin da ya danne mata zuciya. Mani ya lura jinin da ke fita sai tsinkewa yake kamar ruwan yakuwa. Ya faɗa, aka yi masa dariya. Shi da ya ci yunwa biyu da aikin tilas bai mutu ba!

Likita ya soki yatsarta, ya ɗiga jini a takarda, ya kara ta da wani kwali mai launuka. Mani bai yarda da wannan ba. Ya sha jin ana cewa jinin talaka birni ake kai shi. Ya miƙa hannu, a ba shi takardar.

Likita ya ba shi, ya ce zuciyarta ta gaji, kuma jinin ba ƙarfe, shi ya sa take wahala ninki biyu. In aka sake yi mata ƙaho, ba lalle ta ga kaka ba. Ya ƙirga ƙwayoyi a ƙunshi, ya ce wasunsu ƙarfe ne.

"Ɗana, ni za ka gaya ma ƙarfe? Tun ba a haifi ubanka ba nike narka tama."

"To Baba, ka fi ni saninsa. A dai ba ta."

Har amalanke ya kai su gida bai bari ta haɗiyi ko ɗaya ba. Kaltume ta ce in gardama zai yi, ya yi da sauri, ita numfashi take nema. Ya wuce maƙera, ya daka ƙwaya guda a kan tsingaro, ya ɗora a garwashi, ya kama zuga-zugi. Garin ƙwayar ya yi wari, ya yi baƙi, sannan ya koma ja. Tsatsa ce sak. Ya daɗe yana murza ta a yatsa, kafin ya ɗebo ruwa da kansa ya kai ɗaki, ya ba Kaltume ƙwayar.

Ran Juma'a Gado ya iso da ƙahonninsa, ya tarar da Mani zaune a bakin ƙofa. Gado ya ce ai yaron asibiti ya ruɗe shi, ina aka taɓa jin ƙarfe a jikin mutum? Mani bai matsa ba.

"Ƙahonka ba shi ƙara taɓa ta. Wanda bai yarda ba, maƙera na buɗe, ni zan zuga mashi wuta. Amma shi taho da ƙwayarshi. Na Kaltume ba a sake ƙona ko guda."