Wadda Take Faɗowa Daga Bene

Abir ce ta ja min, wallahi. Shekara biyu maƙwabciyar nan tawa tana yawo da ni a unguwarmu ta Rusaifa, wai ƙarya nake yi, 'yata Nasiha ba fim take yi a Amurka ba, wanke-wanke take a gidan abinci. Ranar da Nasiha ta ce fim ɗinsu ya fito, na ce to, yau za a yi ta ta ƙare. Na dafa gahawa, na cika faranti da dabino, na tara matan layinmu bayan La'asar. Abir kuwa a gaba na zaunar da ita, dab da talabijin, don kada ta ce ba ta gani ba.

Jarumar fim ɗin wata baƙar Ba'amurkiya ce, an ce shekara ashirin ke nan tana jibgar maza a fina-finai. Ta yi harbi, ta yi naushi, ta tuƙa babur a kan gada. Aka yi rabin awa babu Nasiha. Aka yi awa guda.

"Ummu Nasiha, ko ita ce take riƙe musu fitila?" in ji Abir. Matan suka cusa baki cikin mayafi suna dariya.

Raina ya ɓaci. Na kira Nasiha, na tashe ta daga barci, na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Ke, kin tozarta ni a gaban jama'a. Ina kike a fim ɗin nan?"

"Ummi, ai na gaya miki fuskata ba ta fitowa. Duk inda za a ji ciwo, ni nake shiga a madadin jarumar. Da kayanta, da gashinta."

Ta gaya min ɗin, ba zan yi mata ƙarya ba. Ni ce ina jin kalmar fim na daina sauraro.

Muna cikin haka aka wurgo matar ta taga daga hawa na uku, ta faɗo a kan mota, gilashi ya tarwatse. Sai ga jarumar ta miƙe tana gyara riga, ko ƙwarzane babu.

"Wannan ma ke ce?"

"Ni ce."

"Bara da kika yi wata uku a kwance, kika ce min santsin banɗaki ne ya kwashe ki?"

"Faɗowar nan ce, Ummi."

Kai, jama'a. 'Yar da na goya, a karya mata ƙugu don a tafa wa wata. Ni kuma shashasha na dafa gahawa, na gayyato mutane kallo.

"Masha Allah, ashe gaskiya ne," in ji Abir. "A ɗan mayar da wurin baya mu sake gani."

Na fizge wayar talabijin daga bango.

"Khalas, shi ke nan, ku tashi. Zan yi magana da 'yata."