Tsarabar Hajiya Furera

A shekarar da soja suka koma bariki, duk Katsina babu wanda sabbin manya suka tsana kamar Malam Lado. Aikinsa duba tsirran da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, kada su zo da cuta. Su kuwa sabbin 'yan siyasa kowa ya samu gida a GRA sai ya yo odar furanni daga Turai. Lado zai zare dashe daga tukunya, ya karkaɗe saiwar, ya kankare bawon da farce, ya shinshina. In ya ga farin zaren funfuna, to ko na wane ne sai wuta. An yi lallashi, an yi barazana, mutumin nan ko gezau.

Sai mahaifiyarsa, Hajiya Furera, ta dawo daga aikin Hajji. Cikin tsarabarta har da ɗan dashen rumman a gwangwani, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen zane ta cusa cikin kaya, babu wanda ya gani a hanya. Ta ce a bayan gida za a dasa shi, can Ƙofar Kwaya, tsakanin itatuwan lemo da gwaiba da marigayi mijinta ya raina da hannunsa. Itatuwan nan su ne abin da ya rage mata na marigayin. Kullum da hantsi a inuwarsu take jan carbi.

Lado ya zo gaisuwa, aka miƙo masa gwangwanin ya sa albarka. Hannu ya riga ya saba, ya ɗan tone ƙasar da yatsa. Ga farin zare nan ya lulluɓe saiwa, ga warin ruɓa.

To amma Lado ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba, magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa, ita ma kai a sunkuye. Yaya zai buɗe baki ya ce abin da ta ɗauko daga ƙasa mai tsarki, ta shayar da shi da zamzam, a ƙona shi? Wanda ya gagari kwamishinoni sai ga shi yana cewa, "Allah ya sa albarka." Ya raya a ransa zafin Katsina zai kashe cutar.

Damina ta sauka, ruwa ya ɗauki cutar daga saiwa zuwa saiwa. Rumman ya fara mutuwa, lemo ya bi, ganye ya yi ruwan ɗorawa ya zube. Kafin kaka gwaibar ma ta bushe a tsaye. Babu magani sai sara da ƙonawa, kada cutar ta tsallaka lambunan maƙwabta. Lado da kansa ya ɗauki gatari, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Yana cikin sara ya ji ƙanwarsa Rabi a bakin ɗaki tana cewa, "Inna, to shi Yaya da aikinshi ke nan, mi ya hana shi gani tun ranar?"

Hajiya tana kallon hayaƙi, ta share ido da gefen mayafi.

"Kul, kada ki ƙara. Ni na jawo da hannuna. Wancan da ko manya bai ragawa, da ya ga wani abu ai da ya hwaɗa mani."

Lado ya tsaya da gatari a sama, ya kasa sauke shi.