Likkafanin da Ya Tsaya a Jidda

Musbahu ya dire ƙunshin a kan teburin Alhaji Hashim yana haki, don rabin hanya daga unguwar Bani Malik zuwa Balad da ƙafa ya tako ta.

"Ga shi, Baffa. Yanzu kam ya bushe ƙayau."

Alhaji Hashim, mai sayar da turare, haifaffen Jidda, bai ko taɓa ƙunshin ba. Farin yadi ne a ciki. Mahaifin Musbahu yana kwance a Maraɗi wata huɗu, kuma abu ɗaya ya roƙi ɗansa: likkafanin da aka wanke da ruwan zamzam. Musbahu ya je Makka da kansa ya jiƙo shi. Makon jiya wata mai umra da za ta koma gida ta ce ya kawo ta tafi da shi, amma iskar Jidda mai danshi ta hana yadin bushewa, shi kuma ya ji tsoron kada ya yi fumfuna a jaka. Ya ce bari ya jira Alhaji da shi ma zai tafi Yamai, kwana shida ne kawai.

"Halas, ya waladi," in ji Alhaji da Larabci, wato shi ke nan, ɗana. "Na fasa tafiya. Kamfanin ya dakatar da jirgin da zan bi ta Turai zuwa Yamai."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Turawa ne suka ce duk jirgin da ya sauka ƙasarsu sai ya biya kuɗin hayaƙin da ya fitar tun daga inda ya tashi. Sauran ƙasashe suka ce ai samansu ba na Turawa ba ne. Ana nan ana ta taro."

"Hayaƙi, Baffa? Wa ya auna shi?"

"Sun auna. Har cinikinsa suke yi tsakaninsu kamar buhun shinkafa."

"To yaushe za su shirya?"

Alhaji ya buɗe tafukan hannunsa. "Ni dai sai bayan wata guda, ta wata hanyar."

Musbahu ya ɗauki ƙunshinsa ya wuce ofishin aika kaya. Ma'aikacin bai ɗago kai ba, ya miƙo hannu: "Iƙama." Musbahu ya juya. Shekara bakwai ke nan da ya zo umra ya maƙale, yana dakon kwalaye a unguwar Kurayyat, ba shi da iƙamar, wato takardar izinin zama, balle wata takarda.

A bakin titi ya kira ƙanwarsa Mastura.

"Yaya, tun jiya ko kunu ba ya wucewa," ta ce a hankali. "Da ya buɗe ido sai ya ce, yadin ya iso?"

"Me kika ce masa?"

"Na ce yana hanya. Ko in sayo fari a kasuwa in ce naka ne? Idonsa ba ya gani sosai."

"Ki yi wa Baba ƙarya yana wannan hali? A'a, Mastura. Ki ce masa ni zan kawo da hannuna."

Ta san ma'anar maganar: wanda ya fita ba takarda ba ya dawowa, kuma da dakon nan ake ci a gidansu.

Bayan la'asar ya isa ƙarƙashin gadar da marasa iƙama ke zama suna jiran hukuma ta kwashe su ta mayar gida kyauta. Mutane birjik, da jakunkuna, da shanya a jikin ƙarfe. Wani dattijo Bakatsine ya matsa masa gefen kwalinsa.

"Baba, kwana nawa ake yi kafin motar hukumar ta zo?"

"Ni dai yau kwanana arba'in da ɗaya," in ji dattijon. "Zauna, ɗana. Ka ci abinci kuwa?"

Waya ta fara ruri a aljihun Musbahu. Ya ciro, ya ga sunan Mastura. Ya daɗe yana kallon sunan yana tsoron labarin da zai ji, sannan ya kifa wayar a kan ƙunshin, ya zauna.