Wankan Delu

In aka tara magidantan unguwar Kusfa, da wuya a sami biyar waɗanda ba Hajo ungozoma ce ta yi musu wankan farko a duniya ba. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba. Abin da take da shi a ɗaki kyanwa ce fara mai baƙin kunne, wadda ta sa wa suna Delu don ta zo bayan muzurai uku da suka gudu. Da ita take hira, ita take yi wa faɗa, kuma ba ta jin kunyar cewa tana son ta. Wani halin Hajo kuma shi ne bin diddigi. Ko tukunya ce ta tsage, sai ta zauna ta jujjuya ta har ta gano inda tsagar ta faro.

A daminar shekarar da motoci suka koma hannun dama, ƙuma ta addabi gidan. Aƙilu, ɗan ƙaninta, wanda ke zaune a ɗaya sashen da matarsa Mariyamu, yana da gonar auduga a bayan Ƙofar Gayan, yana kuma da gwangwanin maganin feshi. Lissafinsa bai da tsawo: abin da ya kashe tsutsar auduga, ƙuma ba za ta gagare shi ba. Ya bari Gwaggo ta fita wankan jariri a maƙwabta, ya tsoma tsumma a gwangwanin, ya goge wa Delu baya tun daga wuya har wutsiya, yana jiran a dawo a sa masa albarka.

Da hantsi Hajo ta dawo, ta tarar da Mariyamu, mai cikin wata bakwai, tsaye a ƙofar ɗakinta ta toshe hanci da mayafi. Delu na kwance a gindin randa, jikinta na karkarwa, miyau na dalala daga bakinta, fatar bayanta na motsi ita kaɗai.

"Gwaggo, maganin ƙuma na shafa mata," in ji Aƙilu, kansa a ƙasa. "Na auduga."

"To, madalla. Garin neman gira za ka raba ni da ido."

Ta tsuguna ta zuba ido, don tsoro bai taɓa hana ta kallo ba. Delu ta juya da ƙyar ta lashi bayanta. Nan take karkarwar ta ƙaru, sai ta ɗan lafa, ta sake lasa, ta sake ƙaruwa. Hajo ta gane. Kyanwar wanka take yi irin nasu, kuma wankan ne ke kai mata dafin ciki.

"Riƙe mata haɓa, kada harshen nan ya sake taɓa gashi."

"In kawo nono a ɗura mata?" in ji Aƙilu.

"Ka taɓa ganin an ɗura wa yaro mai jijjiga abu? Ƙwarewa za ta yi, ta mutu a hannunka."

Mariyamu ta ce daga nesa akwai tafasasshen ruwa a murhu, a kawo? Hajo har ta buɗe baki za ta ce a kawo, don shekara arba'in hannunta ya saba da ruwan jego mai tururi, sai ta tsaya. Me ya sa ake yi wa mai jego wanka da ruwan zafi? Don ya buɗe jiki, magani ya ratsa. To, yau wa ke son jiki ya buɗe?

"A sirka shi. Ɗumin jariri nake so. Ke kuma kada ki matso, wannan abu ba na mai ciki ba ne."

Saura tambaya ɗaya, ba ta kuwa yarda ta yi gwajinta a jikin Delu ba. Ta fizgo wani tsohon buzu daga kan katanga, ta goga masa tsumman Aƙilu, ta watsa ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangare kamar a bayan agwagwa, wurin na nan yana maiƙo. Ashe mai ne a cikin abin. Ta murza sabulun salo, ta cuɗa, ta ɗauraye, maiƙon ya tafi. Duk da halin da ake ciki sai da ta ce, "Ikon Allah," don abin ya burge ta.

Ba ta tsoma Delu a kwano ba, don wanda ya zauna cikin ruwan dauɗarsa bai yi wanka ba. Ta sa Aƙilu ya tona ɗan rami can nesa da rijiya da kaji, ya durƙusa a bakinsa ya tallafe kyanwar, ƙafafun gaba a hannu ɗaya, na baya a ɗaya. Ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta ji ya yi. Ta dafe kunnuwan Delu da tafin hagu yadda take yi wa ɗan kwana ɗaya, ta riƙa kwarara ruwa da ƙoƙo daga wuya zuwa wutsiya, kumfa na bin ramin. Ba ta dirza ba, shafa kawai take yi. Delu ta yi wani ɗan kuka siriri, ta kafa wa Aƙilu farce a wuyan hannu.

"Gwaggo, ta yakushe ni."

"Alhamdu lillahi, da sauran ƙarfinta. Kai ranar da na wanke ka fitsari ka yi mini a fuska, ban kai ƙara ba."

Da aka gama ta wanke hannuwanta har gwiwa, ta sa shi ma ya wanke, ta tsane Delu da tsohon zane. Ta sunkuya ta sansana. Ba ta ji komai ba. Aƙilu ya sansana, ya ce ai fes. Hajo ba ta yarda ba, don tun ɗazu suke cikin warin, hancinsu ya riga ya mutu. Ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan Mariyamu, wadda ke iya sanin an soya albasa a gida na uku.

"Kai mata zanen nan. Ka tsaya nesa, ka ɗaga shi kawai."

Aƙilu bai kai rabin tsakar gida ba Mariyamu ta kau da kai tana yunƙurin amai. Aka sake wanka. Aka kai zane na biyu, ta yamutsa fuska ta ce da saura kaɗan. A na uku ta sansana daga nesa, ta matso da kanta, ta karɓa ta kai hanci.

"Sabulu ne kawai, Gwaggo."

Amma Delu ba ta miƙe ba. Miyau ya tsaya, karkarwar ta ragu, sai dai jikinta ya yi sanyi, idanunta a lumshe. Abin da ya riga ya shiga ciki sabulu ba ya kai masa, Hajo kuwa ta san iyakar sana'arta. Ta ce a tafi Samaru wurin likitan dabbobi, Aƙilu ya ɗauko gwangwanin a nuna masa. Ya kawo kwandon da za a sa Delu a ciki. Ta dubi kwandon, ta taɓa Delu ta ji sanyin, ta girgiza kai. Abu ɗaya ta sani da ke mayar wa ɗan ƙaramin jiki ɗuminsa. Ta naɗe ta a busasshen zane, ta sunkuya, ta ɗora ta a baya, ta ɗaure da majanyi.

Haka suka ratsa lungunan Kusfa, mata na leƙowa suna tambayar jikan wa aka samu, sai su hangi baƙin kunne su kama baki. Hajo ba ta kula su ba. Hankalinta duk yana bayanta. Ta ɗora wa mata goyo ba adadi, ta koya musu ɗaurin majanyi, amma ba ta taɓa sanin cewa mai goyo da baya take sauraro ba. Tana jin kowane numfashi, tana jin karkarwar na zuwa tana wucewa, tazarar na ƙara nisa.

Dab da Ƙofar Doka, inda ake shiga motar Samaru, karkarwar ta ɗauke gaba ɗaya. Hajo ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji a ɗakin haihuwar kowa ba, ta kasa cewa Aƙilu ya duba.

Sai ta ji wani abu mai kaushi, mai ɗumi, yana kartar ƙeyarta. Ya ɗaga, ya sake dawowa.

"Gwaggo, lasar ki take yi," in ji Aƙilu. "In riƙe haɓar?"

Hajo ta share ido da gefen mayafi, ta gyara majanyin.

"Ƙyale ta. Ni ba wanda ya taɓa yi mini wanka tun da uwata ta rasu. Tsayar mana da mota."