Zabuwar Inna Amsa

Inna Amsa tana da jikoki a Kano kamar ta buɗe makaranta, amma babu wanda ya taɓa yin sati a wurinta. Su zo da safe, su kalli akuya, akuya ta kalle su, la'asar na yi sai mota. Da ɗanta Basiru ya kawo mata Ikrima hutun damina, sai da ya kafa sharaɗi: ran kasuwar Tsanyawa zai dawo, in yaron ya ce ya gaji, tare za su koma.

Ikrima kuwa tun da ya kwanta a ɗaki da tsohuwar wayar ubansa bai san ta ina rana ke fitowa a garin ba. Inna ta yi masa dambu, ta dama fura har da zuma. Ya ci da hannu ɗaya, ido na kan waya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don so take ya zauna, ko da ɓarna zai riƙa yi mata.

"Maigida," in ji ta, don haka take tsokanarsa, "zabuwata ta fara ƙwai a daji, ta ɓoye mini. Tashi ka bi ta."

"Inna, ba a sayar da ƙwai a shago ne?"

Inna ta miƙe. Ta soke ludayi a ƙugu, ta ja mayafi, ta bi garken zabi da kanta.

Ita zabuwa ba a bin ta gaba gaɗi. In ta gane, sai ta yini tana zagaye gari da mutum. Saboda haka zabuwa na waiwayowa, Inna ta duƙa tana tsinkar tafasa. Ta sake waiwayowa, Inna ta ɗaga kai tana duban hadari. Da dabara ta ƙare, sai ta gaida wani jaki da ke ɗaure a bakin hanya, har ta tambaye shi iyali.

Daidai lokacin Ikrima ya fito ƙofar gida neman sabis. Ya ga kakarsa da jaki, ya bi ta a baya yana ɗaukar bidiyo.

Zabuwa ta kutsa gonar geron Malam Sabiru, Inna ta bi ta da rarrafe. Ba ta yi nisa ba bayanta ya riƙe. Ta tsaya a kan hannu da gwiwa, ba gaba ba baya.

Malam Sabiru ya ga gero na motsi, ya taho da sanda zai kori akuya. Ya buɗa ganye sai ga Inna. Da yake mutum ne mai ladabi, ya ɓoye sandar a baya, ya durƙusa.

"Inna, barka da hantsi. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya damina?"

"Alhamdu lillahi. Aiki ake yi ne?"

"Ɗan duba maka gero nake."

Ikrima ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Inna ta harare shi ta ƙarƙashin hammata.

"Kai, miji marar amfani, ga ta can za ta ɓace. Kawo wayar, zare ludayin nan. Kada ka taɓa ƙwan da hannu, in ta ji warin mutum ta bar wurin ke nan. Kuma ka rage mata."

Ko tausayi ne ko sauran dariya, ya miƙa wayar ya nutse cikin gero. Can sai ga shi ya dawo da ƙwai guda a ludayi, yana sanɗa, harshe a waje. A gindin sabara ya same su. Ya yi ta safara ɗaya bayan ɗaya, laka har kunne, ƙarangiya ta cika masa wando, bai ko tambayi wayar ba.

Malam Sabiru ya daɗe yana kallo kafin ya yi gyaran murya.

"Inna, taki ba mai jan zare a ƙafa ba ce?"

"Ita ce."

"To wannan ba ta da zare. Tawa ce."

Ashe tun wajen gaida jaki aka yi musaya. Aka mayar wa Malam ƙwansa, aka kai Inna gida a kura.

Ikrima ya ɗauki abin a matsayin cin mutunci. Kullum da sassafe sai ya tara yaran unguwa, su bi mai jan zare gona gona, su hau tsamiya suna leƙe, su dawo da azahar hannu wofi, suna cin tuwo kamar an biyo su.

Ran kasuwa Basiru ya iso, ya tarar da uwarsa kwance a tabarma an ɗaure mata ƙugu, ɗansa kuma ya yi baƙi wuluk.

"Ɗauko jakarka mu tafi."

"Abba, ba mu gano tamu ba. Yau har bakin rafi ta kai mu. Ka dawo in an kusa komawa makaranta."

Bai jira amsa ba ya fice da ludayi a hannu.

Basiru ya dubi uwarsa. "Inna, wace irin zabuwa ce wannan da ta gagari yaran gari guda?"

"Mai wayo ce," in ji ta, ta juya fuska bango don kada ya ga ƙwallar daɗi a idonta.

Zabuwarta tana nan ƙarƙashin rumbu a tsakar gida, kwance kan ƙwanta. Jan zaren kuwa, da hannunta ta kwance shi ta ɗaura wa zabo, namijin, wanda duk garin ba a yi mai yawonsa ba.